Ina gishiri yake tafiya in ya shiga ruwa?

Malamin gona ya zo cibiyar yaƙi da jahilci ta Dogo, ya yi wa masu lambu jawabi. Abin da ya kawo shi, shi ne farin ɓawon nan da yake fitowa bisa ƙasa a wasu lambuna na kwarin Korama, yana ƙona shuka. Ga abin da ya faɗa.

Da fari ya ɗauko kofi biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da man gyaɗa. Ya zuba gishiri cikin kowane, ya motsa. Na cikin ruwa ya narke. Na cikin mai ya kwanta a ƙasa. Ya ce to, ruwa yana da wani aiki da mai ba ya iyawa.

Ya ce gishiri abu biyu ne suka haɗu. Masana suna kiransu sodiyam da kulorin. Ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna jan juna kamar mayen ƙarfe, sun riƙe juna tamau. Shi ya sa gishiri yake da tauri.

Ruwa ma ƙwayoyi ne. Kowace ƙwaya tana da gefe biyu. Gefe ɗaya yana jan sodiyam, ɗayan yana jan kulorin. Ƙwaya ɗaya ba ta iya raba su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai da yawa su taru, kamar masu rabon faɗa, wasu su kewaye wannan, wasu su kewaye wancan, su janye su. Wannan shi ne narkewa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arrhenius, ya bayyana wannan rabuwa a 1884.

Amma gishiri bai ɓace ba, raba shi kawai aka yi. Lita ɗaya ta ruwa tana narkar da wajen giram 360, daga nan ba ta ƙarawa. In rana ta shanye ruwan, masu rabo sun tafi, sai ƙwayoyin su sāke kama juna. Haka mutanen Bilma suke samun gishirin da ake yin kantu. Haka Mangawa suke tace ƙasa da ruwa, su dafa, su sami mangul.

Malam ya ce abin da ake nema a Bilma, shi ne ɓarna a lambu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hawowa da gishiri da kanwa. Rana ta ɗauke ruwa, ta bar su a sama. Saiwa ta kāsa shan ruwa, shuka ta yi yaushi ko da ƙasa tana da laima.

Ya ba da shawara huɗu:

1. A ɗanɗana ruwan rijiya. In akwai kanwa da yawa, a nemi wata rijiya.
2. A haƙa magudana, ruwa ya sami hanyar fita.
3. Jefi-jefi a cika fangali da ruwa mai daɗi, ya wanke gishiri ya wuce saiwa. Yayyafi kaɗan-kaɗan tara shi yake yi.
4. A zuba taki, a rufe ƙasa da ciyawa don rana ta rage sha.

Daga ƙarshe ya roƙi ɗalibai su karanta wa waɗanda ba su zo ba, tun kafin a dasa albasa.