Jawabin Shugabar Mata: Kuɗin Gwamnati da Fim a Kan Maganar Iri

 

Yau maganar iri na kawo muku. Kun san a gidajenmu mace ce ke tsince waken da ya fi kyau, ta cuɗa shi da toka, ta rufe a tulu sai damina. Wannan aikin fa yanzu doka ta fara shiga cikinsa. A shekarar 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon iri haƙƙin mallakarsa. Mu nawa muka ji bayaninta da Hausa?

Ku ji inda irin wannan mallaka ta kai a Amurka. Wani manomi, Vernon Bowman, ya sayi waken suya a wurin masu tara hatsi ya shuka, kamfanin Monsanto ya maka shi a kotu, wai irinsa ne. A 2013 kotun ƙolin ƙasar ta bai wa kamfanin gaskiya. Monsanton nan kuma Bayer ta saye shi a 2018. Yau kamfanoni huɗu, Bayer da Corteva da Syngenta da BASF, su ke riƙe da fiye da rabin cinikin iri na duniya. Huɗu kacal!

To, yaya talakawan can suka san abin da ke gudana? Ta hanyar finafinan bincike, waɗanda ba wasan kwaikwayo ba ne, ɗan jarida ne ke ɗaukar kyamara ya bi manoma da masana yana tambaya. A 2008 wata 'yar jarida Bafaransa, Marie-Monique Robin, ta fitar da irin wannan fim a kan Monsanto. Cikin waɗanda suka sa kuɗi akwai tashar Arte, wadda ake gudanarwa da kuɗin jama'ar Faransa da Jamus, da hukumar finafinai ta gwamnatin Kanada.

Wasu za su ce, ina ruwan gwamnati da biyan kuɗi a soki kamfanin da take roƙo ya zo ya zuba jari? Ni ga amsata. Kamfani yana da kuɗin talla a rediyo safe da yamma. Matar da ke noman gyaɗa a bayan gari ba ta da ko na kati. Idan baitulmali bai ɗauki nauyin jin ta bakinta ba, wa zai ɗauka? Ɗan kasuwa dai ba zai sa jarinsa a fim ɗin da ba waƙa ba soyayya ba.

Amma kada wata ta ce Hajiya ta ce a ƙi irin zamani. A'a. Waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, masananmu ne na Samaru a Zariya suka yi aikinsa, don maganin tsutsar da ke cinye fure da kwanson wake, kuma yana rage yawan feshi. Masarar TELA ma ta hannunsu ta fito a 2024. Sai dai ita ta aure ce, in kika ajiye 'ya'yanta kika sake shukawa, yabanya ba za ta yi kamar ta fari ba, dole ki koma kanti. Wannan shi ya kamata a faɗa wa manomiya tun kafin ta saya, ba sai ta zubar da irin kakanninta ba. Saƙonnin tsoro da ke yawo a WhatsApp kan GMO kuwa, yawancinsu ba a san ma wanda ya rubuta ba.

Don haka buƙatarmu ita ce a ware kaso a kasafin ma'aikatar yaɗa labarai ta jiha don finafinan bincike da Hausa kan noma da iri. Kwamiti mai zaman kansa ya zaɓi waɗanda za a ba, ba ɗan siyasa ba, ko da namu ne. A ji daga manoma, a ji daga masana, a bai wa kamfani damar kare kansa. In an gama a haska a talabijin na jiha da majigi a ƙauyuka, ba tare da an yanke inda bai yi wa wani daɗi ba.

Shugabannin mata na mazaɓu, kowacce ta tambayi manoma mata biyar: wane iri suke ajiyewa, wanne suke saya, kuma nawa? Ku turo wa sakatariya kafin taronmu na wata mai zuwa, da shi za mu haɗa takardar da za mu kai wa 'yan majalisarmu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.