Wa Zai Raka Shi Zaman Farko?

Wani bincike na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Asibiti na iya wanke jikin ɗan ƙwaya, amma ranar da aka sallame shi, tsohuwar majalisarsa na bakin layi tana jiransa.

Shi ya sa yake buƙatar zama da waɗanda suka daina. Mashaya giya biyu ne suka assasa irin wannan ƙungiya a Amurka a 1935. A irin wannan zama ba mai yi masa gori, domin kowa ya ɗanɗana.

Kunya ce ke hana zuwan farko. Iyaye, faɗa kaɗai ba ya isa. Ku nemo wanda ya riga shi dainawa ya raka shi, washegari kuma ya kira shi.