Jawabin Mai Ba Da Magani: Kowa Da Katinsa

Wasunku sun dawo daga Asibitin Koyarwa na Tamale suna tambaya: ina takardar magani? Ku kwantar da hankalinku. Yanzu a kwamfuta likita yake rubutawa, saƙon ya tafi ɗakin magani kai tsaye. An huta da rubutun da ba ya karantuwa.

Amma kwamfuta lambar kati ta sani, ba fuska ba. In mai juna biyu ta ari katin NHIS na maƙwabciya, bayanin maƙwabciyar zai fito, sai a ba ta maganin da zai cutar da cikin. Kowa ya zo da katinsa, da kwalin maganin da yake sha.

Allah ya ba mu lafiya.