Shekarun Duwatsu da Ruwan Rijiyarmu

 

An umarce ni da in yi magana kan abin da na karanta, wato ilimin duwatsu. Na san wasunku suna dariya a zuci, domin sun tuna ni ne nake barci a darasin labarin ƙasa. Allah Ya gafarta malam, yau ga biyan bashi.

Bari in fara da nesa. A shekarar 1963 masunta a kudancin ƙasar Aisilan suka ga hayaƙi yana tashi daga cikin teku. Dutse ne yake aman wuta a ƙarƙashin ruwa, kafin 1967 ya zama tsibirin da ake kira Surtsey. Haka yawancin tsibiran tsakiyar teku suka samu: narkakken dutse ya fito ya daskare, wani ya hau kansa, kamar yadda magini yake ɗora tubali. Na ƙasa shi ne babba, na sama shi ne ƙarami.

To, yaya ake sanin shekarunsu? Akwai wani nau'in sinadarin fotasiyam a cikin dutse wanda yake rikiɗewa a hankali, yana haifar da iskar argon. Rabinsa yana ƙarewa a kimanin shekara miliyan 1,250. Idan aka auna abin da ya rage da iskar da ta taru, sai a ƙididdige lokacin da dutsen ya daskare. Da haka aka gane cewa tsibirin Kauai na Hawai ya kai shekara miliyan 5, babban tsibirin kuwa bai cika miliyan 1 ba.

Jama'a, mu ma muna da namu. Duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda ake haƙar kuza, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne, shekarunsa kimanin miliyan 170. 'Yan uwansa sun jeru tun daga Azbin a Nijar, inda suka haura miliyan 400, har zuwa Afu a jihar Nasarawa, masu kimanin miliyan 140. Duk yadda ka yi kudu, shekarun raguwa suke yi.

Ƙasarmu ta Tsanyawa kuwa tana zaune ne a kan fa wanda ya girmi Riruwai nesa, yawancinsa ya kai shekara miliyan 600. Wannan fa ba ya shan ruwa. Ruwa yana kwanciya ne a cikin rugurgujen da ke samansa da kuma tsagarsa. Shi ya sa za ka ga rijiyar maƙwabcinka tana tumbatsa, taka kuwa ta ƙafe tun kafin bazara.

Nan ne roƙona yake. Ƙungiyarmu tana tara kuɗin haƙa wa makaranta rijiyar burtsatse. Ni da kaina na taɓa haƙa ɗaya a gidanmu ba tare da awo ba, saboda gaggawa, kuɗina suka tafi ban ga ɗigon ruwa ba, alhali na fi kowa sanin illar haka. Kada mu maimaita da kuɗin jama'a. A ware kaɗan a fara auna ƙasa a gano inda tsagar take, kafin mota ta zo. Ni zan yi awon kyauta, kuɗin hayar na'ura kawai za a biya.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya.