Jawabin Babban Baƙo a Bikin Rantsar da Sababbin Jami'an Karɓar Koke-koken Jama'a



Kujerar da waɗannan bayin Allah suka hau yau tsohuwa ce. Suwidin ta kafa irinta a 1809, amma tun kafin nan daulolin Musulunci suna da waliyyul mazalim, wanda talaka ke kai wa ƙarar gwamna. A Nijeriya kuwa, gwamnatin Murtala ce ta kafa Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a a 1975.

To, me ya sa har yanzu ɗan fansho ke shekara yana safa da marwa a kan haƙƙinsa, sai ya ba da na goro kafin a ɗaga fayil ɗinsa? Dalili shi ne hukumar shawara kawai take bayarwa. Ma'aikatar da ta ga dama ta bi, wadda ba ta ga dama ba ta tura takardar ƙarƙashin tebur.

Ku dubi Afirka ta Kudu. A 2014 Thuli Madonsela, mai riƙe da irin wannan kujera a can, ta bayyana cewa an kashe kuɗin gwamnati wajen gyaran gidan Shugaba Zuma da ke Nkandla. An zage ta, an yi mata ƙazafi, amma ba a tsige ta ba, kuma tsarin mulki ya ba ta wa'adin shekara bakwai da ba a sabuntawa. Wanda ba ya neman tazarce, wa zai yi wa fadanci? A 2016 kotun tsarin mulki ta ce umarninta dole ne a bi, Zuma ya mayar da rand miliyan 7.8. Mu nan, a ƙarshen 2007, Nuhu Ribadu, shugaban hukumar yaƙi da cin hanci na lokacin, na kama tsohon gwamna James Ibori, ba a jima ba aka ce Ribadu ya bar kujerarsa ya tafi karatu Kuru. Kowa ya san wane irin karatu ne.

Ku da kuka rantse, za a zo muku da gaisuwa, za a biyo ta hannun surukai da aminai. Ku mayar da ita tun daga ƙofar gida.

Ku kuma 'yan majalisa, roƙona gare ku biyu ne: ku sa kuɗin hukumar nan ya riƙa fitowa kai tsaye ba sai gwamna ya sa hannu ba, ku kuma gyara doka ta yadda ba za a cire shugabanta ba sai da yardar kashi biyu cikin uku na zaurenku.

Allah ya taya riƙo.