Aikin Binciken Cututtuka Yana Jiran 'Ya'yan Sabo

Ga jawabin da wani likita ya yi wa iyayen yara a taron 'yan Arewa mazauna Ikko.

A unguwar Yaba akwai wani gida inda aka soma binciken ciwon shawara tun shekarun 1920, wanda a 1977 ya zama cibiyar binciken cututtuka ta ƙasa. A Badun akwai babban asibitin koyarwa da aka buɗe a 1957, ga kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasashen duniya da aka kafa a 1967. Mutanen Arewa suna zaune kusa da waɗannan wurare shekara da shekaru, amma galibi iyakarsu bakin ƙofa, wani gadi, wani talla. Ɗakunan gwaje-gwaje kuwa ba safai ake ganin 'ya'yansu ciki ba.

To, mene ne aikin mai bincike? Likita yana duba majiyyaci ɗaya ɗaya. Shi kuwa mai bincike asalin cutar yake nema. Yana auna jini, yana duba ƙwayar cuta da madubi, yana bin ƙauyuka yana ƙidaya waɗanda suka kamu, har a gane inda ta ɓullo da yadda za a tare ta. Da cutar Ebola ta shigo Ikko a 2014, gwaji da bin sawun masu cutar ne suka kashe wutar cikin wata uku.

Arewa ta fi kowa bukatar wannan aiki. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000, ya kashe fiye da 11,000. A 2003 aka tsai da rigakafin shan inna a Kano saboda tsoro da jita-jita, cutar ta sake bazuwa. Cikin waɗanda suka tsaya har jama'a suka natsu akwai marigayi Farfesa Umaru Shehu, mutumin Barno, wanda shi ma a Badun ya soma karatun likita. An saurare shi domin na gida ne, kuma masani ne. Uwa ba ta miƙa hannun ɗanta sai ga wanda ta amince da shi.

Hanyar shiga ba ɓoyayya ba ce. Yaro ko yarinya su ci jarrabawar sakandare a Turanci, lissafi da darussan kimiyya uku, sannan jarrabawar shiga jami'a. Digirin kimiyya shekara 4 ne, na gwajin asibiti 5, na likita 6. Bayan hidimar ƙasa sai a nemi gurbin ƙaramin mai bincike ko malamin jami'a, a ci gaba da digiri na biyu da na uku. Wajibi ne uba ya samo wa ɗansa takardar shaidar ƙaramar hukumarsu tun da wuri, domin ana neman ta wajen ɗaukar ma'aikatan gwamnatin tarayya.

Gaskiya ɗaya ce, tafiyar doguwa ce, albashin farko kuma bai kai ribar mai fataucin shanu ko goro ba. Amma uban da ya fid da yaro mai ƙwazo daga aji don ya tsare masa rumfa, ya san cewa yaran rumfa ba su ƙarewa a kasuwa, mai gane ƙwayar sanƙarau kuwa sai an yi shekaru ana renonsa. Allah ya sa a gane, amin.