Doki Da Jaki: Shawara Kan Zaɓen Kwamfuta Ta Biyu



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata tambaya da ke yawan fitowa daga bakin samarinmu, watau mutumin da ya riga ya mallaki babbar kwamfutar girke, irin wadda ake harhaɗawa domin wasannin bidiyo, wace iri ya kamata ya ƙara da ita? Zan ɗauki misalaina daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin a can ne ɗalibi da ma'aikaci suka fi jin nauyin kuskuren zaɓe.

Manomin da ke da doki a turke, in ya sami kuɗi, ba doki na biyu yake saye ba. Jaki yake nema, domin doki na hawan salla ne, jaki kuwa shi ke kai taki gona. To, haka al'amarin yake. Kwamfutar wasa doki ce: ga ƙarfi, ga katin sarrafa hoto mai tsada, amma ba ta barin ɗaki, kuma ci gare ta. Irinta takan ja wuta wat 300 zuwa 500 in wasa ya yi zafi, alhali ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka cajarta ba ta cika wuce wat 45 zuwa 65 ba. Saboda haka ta biyu lalle ne ta iya abin da ta farko ta kasa.

Abu na farko shi ne batir. Ko da yake madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana ƙasar Bebeji, kowa ya san ƙauyukan wannan yanki ba su dogara da wutar gwamnati ba. Malamin da ke shirya sakamakon jarrabawa da dare yana bukatar na'urar da za ta yi awa shida ko fiye ba caji, wadda kuma ƙaramin farantin sola zai iya cikawa. Ta girke kuwa, da ɗaukewar wuta da mutuwarta duk ɗaya ne, sau da yawa har da aikin da ba a adana ba.

Na biyu, nauyi da ƙwari. Ma'aikacin da aka tura Riruwai, hedikwatar Doguwa, zai bi ta Kwanar Ɗangora, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore. Na'urar da za ta jure wannan tafiya a jaka, wani lokaci a bayan babur, kada ta wuce kilo 1 da rabi, kuma ma'ajiyarta ta zama irin ta SSD, wadda ba ta da faifai mai juyawa da girgiza za ta lalata. A tuna kuma da ƙurar hunturu, wadda ke toshe fanka har na'ura ta riƙa zafi.

Na uku, shekarunta. Yawancinmu 'yar gwanjo muke saye a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a birnin Kano, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Amma fa araha ba ta ado. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 ba ya amincewa da mafi yawan injinan Intel da suka girmi zubi na 8. Wanda ya sayi tsohuwa ƙwarai ya sayi gida ba ƙyaure. A nemi RAM gigabayit 8 a ƙalla, in da hali 16. Mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta yanke naira 70,000 ne, saboda haka kuskure a nan gumin watanni ne ya tafi a banza.

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna a matsayina na malamin Hausa, shi ne rubutu. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya tanadi haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Kafin ka biya kuɗi, ka sa maka allon rubutun Hausa, ka buga su ka gani. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "dauri" da "ɗauri", ba ado ba ne, ma'ana ce. Kazalika, tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, don haka wannan ƙaramar na'ura ita ce allon da ƙannenka za su koyi bugu a kai.

Daga ƙarshe, a raba musu aiki. Wasa da tace bidiyo su zauna a ta girke, rubutu da lissafi da tafiya su koma ga ƙaramar, kundin digiri da takardun ofis kuwa a ajiye kwafinsu a duka biyun. Wanda ya yi haka, ko ɗaya ta mutu, aikinsa bai mutu ba.